Keken Baba da Agogon Auta

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a gida irin namu ya san abin da hakan ke nufi. Baba bai saba kiran sunana ba. Tun ina yaro sunana a bakinsa "wancan" ne, in ransa ya yi daɗi "yaron nan", in kuma na yi laifi "mutumin naku". Ga ni yanzu da furfura a gemu, da shagon ɗinki a bakin kasuwar Daura, da 'ya'ya har da mai shirin aure, amma in na shiga zaure na durƙusa na gaishe shi, bango yake kallo ya amsa. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka ya taras iyayensa na yi. In yana da magana da ni sai ya gaya wa Baffa, ƙaninsa, Baffa ya juyo ya gaya mini, ko da mu ukun a tabarma ɗaya muke zaune.

Shi kuwa Baffa dillalin awaki da tumaki ne. Allah ya ba shi baki, amma bai ba shi haƙurin ɗaukar saƙo ba. In ka ba shi magana mai tsawo, guntu zai isar, sauran ya cike da tasa.

Bayan sallarsa, ba abin da Baba yake so kamar kekensa. Baƙin keke ne irin na da, mai nauyi, mai ƙararrawar da ta dashe tun ina makarantar firamare. Da shi yake zuwa gonarsa da ke kan hanyar Sandamu, da shi yake zuwa suna da jana'iza. Ba ya wuce mutane a zaune yana bisa sirdi. Sai ya sauka, ya jingine keken a cinyarsa, ya gaisa har ya tambayi lafiyar awaki, sannan ya hau. Tafiyar da wani zai yi kafin ruwan shayi ya tafasa, Baba sai hantsi yake gama ta.

A ƙarshen wata damina zazzaɓi ya kwantar da shi. Bai gama warkewa ba ya saci jiki ya hau keke, wai zai duba wake. Jiri ya ɗebe shi ya faɗa cikin kunyoyin gona, wasu masu amalanken shanu suka kawo mana shi gida, keken a bisa kansa kamar kayan amarya. Ranar Inna ta tura keken ƙuryar ɗakinta ta jibga masa tabarmi. Haka ya zauna har aka gama kaka, aka shiga rani. Baba ya warke, amma ya zama wani iri. Ya rage magana, ya rage cin abinci, ya wuni a zaure yana bin kekunan mutane da ido. Wallahi tausayinsa ya kama ni, sai dai ba ni da bakin faɗa masa.

Da ƙaramar Sallah autarmu ta zo daga Katsina. Nas ce, kuma ita kaɗai ce a gidan nan take zama kusa da Baba ta ja shi da hira har ya yi dariya. Ita ta lallaɓa shi zuwa wurin likita, aka duba shi, aka ce ba wata matsala, zai iya komawa keke amma a hankali. Sai ta fito da wani agogon hannu baƙi, mai nuna bugun zuciya da manyan lambobi, ta ɗaura masa.

Ta ce, "Baba, kullum za ka hau keke da wannan za ka hau. In na dawo Babbar Sallah zan duba abin da ya tara. In zuciyarka ta yi kyau, keke naka ne. In ba ta yi ba, a sayar da shi, Yaya ya riƙa goya ka a babur zuwa gona."

Baba ya ɗago ya kalli bango da ido ja. Ni ma na sunkuyar da kai. Ku yi tunanin dattijon da bai taɓa kallona ido cikin ido ba, wai ya hau bayana ya riƙe mini ƙugu, mu ratsa gari a haka. Na san da wannan gara masa ya haƙura da gonar gaba ɗaya.

Cikakken bayanin kuwa a bakin ƙofa ta yi mini, tana sauri kada mota ta tashi, Baba yana masallaci. Ta ce abin mai sauƙi ne. Zuciyar da ta yi rauni takan buga da sauri a kan ƙaramin aiki. In ta samu horo, hanyar da take yi da haki za ta yi ta da natsuwa, don haka lamba za ta riƙa sauka a kan hanya iri ɗaya. Kuma in mutum ya sauka daga keke, lafiyayyar zuciya ba ta daɗewa take komawa daidai. In ya ji jiri, ko ciwon ƙirji, ko lambar ta haura sosai, ya sauka nan take. Ta ce, "Ka dai yi masa bayani, Yaya." Na ce to. Ta manta da wanda take magana da shi.

Da la'asar na zaunar da Baffa na karanta masa duk wannan tiryan-tiryan. Yana ta gyaɗa kai, yana ɓare goro, idonsa a kan wata tunkiya da ake wucewa da ita. Muka shiga zaure, ya gyara murya ya ce, "Yaya, wancan ya ce agogon nan ƙarfin zuciya yake aunawa." Shi ke nan. Na jira sauran, ban ji ba.

Kafin in buɗe baki Baffa ya ce a gwada a gani. Aka fito da keke daga ɗakin Inna, aka kaɗe ƙura, aka ba shi iska, aka ɗaura mini agogo. Ni rabona da feda tun kafin in yi aure, sai ta keken ɗinki. Ga tumbi ya riga ni isa ko'ina. Amma don kada in ji kunya a gaban Baba na danna da ƙarfi, na zagaya unguwa ta wajen Kusugu, inda wasu baƙi da suka zo ganin rijiya suka daina kallon rijiyar suka koma kallona. Na dawo ƙofar gida ina ganin taurari tun rana ba ta faɗi ba. Baffa ya kama hannuna ya karanta da ƙarfi.

"Ɗari da saba'in! Allahu akbar! Yaya, ka ga ƙuruciya ko?"

Na ɗaga hannu zan ce ba haka ba ne. Abin da ya fito daga bakina iska ce kawai, irin ta zugazugin maƙeri. Na sake gwadawa, tari ya sarƙe ni. Inna ta miƙo ruwa. Kafin numfashina ya dawo an kira sallah, kowa ya watse, ni kuma na ɗauka gobe Baffa zai ƙarasa bayanin.

Washegari da sassafe Baba ya hau kekensa zuwa gona. Inna ta ce ya fita yana murmushi kamar ango. Ya dawo fuska a murtuke. Agogo ya ba shi ɗari da talatin da wani abu. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana auna gero da wake, ya san tiya mai yawa ta fi kaɗan, ya san ɗan da ya ci maki mai yawa shi ke zuwa na ɗaya. Ga ɗansa mai tumbi ya kawo ɗari da saba'in, shi ya kawo wannan. Nan ya ƙudurta a ransa sai ya kamo ni kafin Babbar Sallah.

Sai ya shiga horo ba wanda ya sani. Da can hanya ɗaya yake bi zuwa gona, yanzu ya ƙara da zagaye. Lokacin kai taki ne, ya daina ba masu amalanke, ya riƙa ɗaure buhu a kariyar bayan keke yana kaiwa da kansa, safe da yamma. Ranakun farko lamba ta ɗan ɗaga, ya ji daɗi. Da jiki ya saba, ta fara sauka. Ya ƙara nisa, ta ƙara sauka. Ya ƙara buhu, ta ɗaga kai kwana biyu ta sake komawa ƙasa.

Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne gaisuwa. In ya taho da lambarsa mai ɗan auki, ya sauka gaida majalisa, kafin a gama "ina gajiya, ina iyali, ya ƙarfin jiki" sai ya duba hannu ya ga ta zube ƙasa da ɗari. Wahalar da ya sha tun daga gona ta tafi a gaisuwa ɗaya. Don haka Baba, Baban da ke tambayar lafiyar awaki, ya fara gajarta gaisuwa. Har ta kai yana ɗaga hannu daga bisa sirdi ya wuce. Unguwa ta ɗauka. Wasu suka ce tun da ya sa agogon Turawa ya fara girman kai.

Duk wannan daga baya na ji shi. A lokacin, abin da nake yi kawai shi ne in tare Baffa ranar Juma'a in tambaye shi labarin lamba. Lokacin raguna ya matso, kansa ya ɗau zafi, a wurinsa duk abin da ya hau alheri ne, duk abin da ya sauka asara ce. Ya girgiza kai ya ce, "Kai dai bari. Sauka take ta yi."

Na ce, "Alhamdu lillahi! Allah ya ƙara saukar da ita!"

Baffa ya tsaya da tauna goro. Ya kalle ni daga hula har takalmi, ya tofar, ya wuce ba sallama. Na ɗauka kasuwa ce ta ɓata masa rai. Juma'ar gaba ya ce ta kusa ɗari da goma, na tafa hannu na ce a kawo masa fura in biya. Ya ce ya ƙoshi. Ashe kai tsaye zaure yake wucewa ya ce, "Yaya, wancan fa murna yake yi. Har tafi ya yi a gabana."

Su biyun suka shiga neman magani. Baffa ya kawo shawarar goro, Baba ya riƙa cin biyu kafin ya fita. Aka ƙara da shayi mai kauri, da citta, da kanumfari. Lamba ta ɗan motsa, barci ya gudu, Inna ta hana. Da aka daina, ta koma inda take, har ta ɗan ƙara ƙasa. Daga nan Baba ya yi lissafinsa irin na manomi. Abin da ke raguwa kullum, wata rana zai ƙare. Bai gaya wa Inna ba, bai gaya wa Auta ba, don a waya gaisuwa kawai yake yi ya miƙa wa na kusa. Ya dai yanke cewa lokaci ya matso, ya kamata mutum ya nemi gafarar jama'a tun yana da ƙafa.

Da keken ya fita neman gafarar. Ya fara da unguwa, ya bi majalisun da ya wuce ba gaisuwa, ya sauka ya roƙi kowa ya yafe masa. Ya je Sandamu wurin wani da suka taɓa sa-in-sa a kan iyakar gona tun ina goye. Mutumin ya ma manta, sai da Baba ya tuna masa, suka kusa sabunta faɗan kafin su yafi juna. Daga nan ya ɗaura ɗan ƙunshinsa ya nufi Baure wurin Gwaggo, yayarsa. Baure fa! Tafiyar da ni ko a babur sai na yi shiri. Ya tashi bayan asuba, ya huta a inuwa da rana ta take, ya kwana can, ya juyo. Gwaggo ta yi kuka ta yafe masa, sannan ta aiko a tambayi Inna wane irin ciwo ne wannan da mai shi ya cinye mata kwanon tuwo biyu ya nemi ƙari.

Inna ma abin ya ɗaure mata kai. Ta ce mini, ba tare da ta kalle ni ba, don ita ma tana da tata kunyar, "Mutum yana ta rabon yafiya kamar mai tafiya Makka, ga ƙwaurinsa ya yi tauri kamar taɓarya." Na yi dariya na ce tsufa ne. Baba kuwa ya dawo daga Baure lamba ta ƙara sauka, ya tabbatar magana ta ƙare.

Ana saura 'yan kwanaki Sallah, shago ya cika da ɗinki, ina kan keken ɗinki ina fama da wuyan wata riga, sai na ji ƙararrawar nan dasasshiya a ƙofa. Na ɗago. Baba ne. Tun da na buɗe shagon nan bai taɓa tako shi ba, in zai wuce ma ta ɗaya gefen titi yake bi. Ya jingine keken, ya cire takalmi, ya shigo ya zauna a bencin masu jiran ɗinki. Na sauko ƙasa na durƙusa. Ya kalli bango, ya kalli tarin yadi, ya kalli silin. Sannan ya kalle ni.

Ya kira sunana.

Ban san haka yake a bakinsa ba. A hankali ya faɗe shi, ya cika kowane harafi, yadda liman ya faɗe shi ranar suna. Almakashin da ke hannuna ya faɗi.

Ya ce, "Na gama da kowa, kai ka rage. Ban taɓa zama da kai ba, ban taɓa ce maka madalla ba. Ba don ba na gani ba ne. Ka yafe mini. Keken nan kada a sayar, ka riƙe shi. An ce kana murna da saukar lamba, ban riƙe ka ba, na san ɗawainiyata ta yi maka yawa."

Hawaye suka cika mini ido, dariya kuma ta taso daga ciki, na rasa wadda zan fara saki. Na ce, "Baba, wace lamba? Me Baffa ya gaya maka?"

Ya miƙo hannu ya nuna mini agogon. Ya ce da farko ɗari da talatin ne a hanyar gona, yanzu da ƙyar yake ganin ɗari da goma, kuma in ya sauka kafin ya gama alwala ta gudu ta bar shi. Ya ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya kamo tawa, Allah bai nufa ba.

Ranar na yi wa Baba magana mafi tsawo a rayuwata. Na ce saukar ita ce lafiyar. Na ce zuciyarsa ta yi ƙarfin da take kai shi gona ba tare da ta wahala ba. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Allah ya yi maka albarka, lallashi ne." Sai na kira Auta na buɗe muryar waya. Ta ji labari, ta fashe da dariya har sai da wata abokiyar aikinta ta tambaye ta lafiya. Da ta ji zancen Baure kuma ta koma faɗa, ta ce wa ya ce ya yi wannan nisa a zafin nan, a hankali aka ce, a hankali!

Baba ya matso bakinsa kusa da wayar ya ce, "To ita ɗari da saba'in ɗin fa?"

Ta ce, "Baba, ai wannan kukan neman taimako ne. Zuciyar Yaya ce take roƙon a sauke ta. In da wanda za a goya a babur a gidan nan, shi ne."

Na ga fuskar Baba tana sauyawa a hankali, daga ta mai bankwana zuwa ta mutumin da ya tuna abin da ya faɗa yanzu-yanzu, da wanda ya faɗa wa. Ya miƙe, ya sa takalmi, ya kama kekensa da hannu biyu kamar wani zai ƙwace. Daga bakin ƙofa ya dubi bangon shagon ya ce, "A gaya wa mai wurin nan ya rage tuwon dare." Ya hau ya tafi, ya bar ni durƙushe.

Auta ta zo da Sallah, ta haɗa agogon da wayarta, ta duba abin da ya tara, ta ce keke na Baba ne, amma Baure sai a mota. Baffa yana gefe yana yagar tsire ya ce shi dama tun farko ya faɗa, saukar ita ce alheri, mutane ne ba sa saurare. Na kalle shi, ya miƙo mini tsinke ɗaya. Majalisun unguwa kuwa sun samu Babansu ya dawo, har da tambayar awaki. Da na yi wa Inna zancen abin da ya faru a shago, ta ce ta tambayi Baba, ya ce wai sunan wani mai karɓar ɗinki ya kira.

Bayan Sallah ruwa ya sauka, aka fara shuka. Wata safiya Baffa ya zo ƙofar gidana yana tura wani keke na haya, ya ce an ce in fito. Na fito na taras da Baba tsaye a bakin titi da nasa, yana kallon wata bishiya. Baffa ya ce, "An ce daga yau tare za ku riƙa zuwa gona. An ce a hankali za ka fara."

Baba ya kwance agogon daga hannunsa. Na ɗauka Baffa zai miƙa wa, yadda aka saba. Sai ya tako da kansa ya kama tsintsiyar hannuna. Rabon da hannunsa ya taɓa nawa ban iya tunawa. Ya zagaya maɗaurin, ya nemi huda, ya rasa, ya sake nema, alhali ga ta nan a fili. Yatsunsa masu kaushi ne, da ɗumi. Ya gama ɗaurawa bai saki ba, ya tsaya yana kallon lambar, ita kuwa sai hawa take, ni ko feda ban taɓa ba.

Ya juya wajen Baffa ya ce, "Ka ga ta wancan. A tsaye ma hawa take yi."

Ya hau kekensa ya yi gaba a hankali, yadda zan iya binsa.